Murfin kwalba ya cinye mini makonni huɗu

Ƙasar da na yi aiki da ita a binciken bakteriya masu cin mai daga wani garejin makanikai na Sabon Gari na ɗebo ta, a gindin darbejiya inda yara ke zubar da baƙin mai idan an yi wa mota juye. Ta yi baƙi ƙirin, ta daskare kamar kwalta. Ogan garejin ya tsaya yana kallona ina kankara da cokali, ya ce, "Hajiya, nan ko ciyawa ba ta fitowa, me za ki samu?" Na ce masa akwai masu rai a ciki, kuma man nan shi ne tuwonsu.

Fitar da bakteriyar bai ba ni wahala ba. Ruwan Bushnell-Haas, wanda ake rainon bakteriya a ciki, gishiri-gishiri ne kawai, babu kabon, don haka duk abin da ya tsiro bayan an ɗiga mai, mai yake ci. Na samu bakteriya iri biyu, Pseudomonas da Bacillus, na yi murna.

Sai gwajin gaske. Lokacin hunturu ne, ƙura ta cika Samaru, ka goge tebur da safe kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai. Tsoro biyu suka kama ni: kada ƙura ta shigo mini da wasu ƙwayoyi, kada kuma man ya bi iska in zaci ƙwayoyina ne suka cinye. Sai na nemo kwalabe 24 masu murfin murɗawa, na zuba mililita 200 na ruwa a kowace ta 250, na sa ƙwayoyin da mililita 2 na mai, na murɗe tam, har da naɗa salatif. Na jera su a kan kanta ina jin na fi kowa tsafta.

Kwana 28 ina zuwa ina leƙawa. Ruwan ya ɗan yi duhu-duhu a kwanakin farko, daga nan shiru. Man yana nan shimfiɗe a sama kamar ranar da na zuba. Da na tace shi na auna, bambancin bai kai a rubuta ba.

Wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda duk muke kira Baba, ya same ni zaune ina share hawaye. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya gwada murfin ya ji shi gam, ya ce, "'Yata, kin ba su tuwo kin toshe musu hanci."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan. Na rubuta shi a jarrabawa. Haidirokabon na mai kamar carbi yake, kabon a jere, haidirojin ya lulluɓe kowane, babu inda za a kama. Ƙwayoyin da enzayim suke aiki, wato sinadaran da ke narka musu abinci. Na farko, AlkB, aikinsa ya ɗauko iskar oksijin, ya raba ta biyu, ya liƙa ƙwaya ɗaya a bakin carbin, ɗayar ta zama ruwa. Sai a lokacin sauran enzayim ke samun mariƙa: bakin ya koma alkohol, ya koma aldehaid, ya koma asid irin na kitse, sannan a riƙa gutsure kabon biyu-biyu har a ƙone su su zama ruwa da kabon dayoksaid. Masu zobe irin su naftalin ma haka, enzayim mai suna dayoksijines ke cusa musu oksijin biyu, a kai ga wani sinadari, katekol, a sake sa oksijin kafin zoben ya tsinke. Wato oksijin ba numfashi kaɗai ba ne a nan, yana cikin kayan aikin. Akwai ƙwayoyin da ke cin mai ba tare da shi ba, amma wasu ne daban, kuma tafiyarsu ta hawainiya ce.

Daren nan na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Giram ɗaya na mai yana buƙatar fiye da giram 3 na oksijin kafin ya ƙone ƙurmus. Man da na zuba ya haura giram ɗaya da rabi, wato ana neman wajen miligiram 5,000. Lita guda ta ruwa ba ta riƙe fiye da kimanin miligiram 8. In aka haɗa da 'yar iskar da ta rage a wuyan kwalbar, duka bai wuce miligiram 15 ba. Ga kuma man ya yi wa ruwan rufi. Lissafin minti biyar ne, ni kuwa na biya shi da wata guda, da kuɗin hekzen, sinadarin tace man, da na saya daga aljihuna, da zuwa gaban malamin da ke duba aikina in ce, "Malam, sai na sake."

Karo na biyu mililita 50 kacal na zuba a kowace, na toshe da auduga, na ɗora a injin girgiza. In an ɗauke wuta, da hannu nake kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Tsoron bin iska kuwa maganinsa kwalba ce da ba a sa wa ƙwayoyi ba, abin da ta rasa sai a cire daga lissafi. Kada mai irin wannan gwaji ya yarda a ce masa ba dole ba ce. Cikin mako guda man na Pseudomonas ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo, ruwan ya koma kalar shayi da madara, alamar sun fara fitar da irin sabulunsu da ke haɗa mai da ruwa. Na daɗe riƙe da kwalbar a jikin taga ina kallo. Nauyayyun sassan man dai ba su tafi duka ba, baƙin mai na da taurin kai.

Da na koma garejin sai na ga ƙasar wurin tamkar kwalbata ce: mai ya toshe ƙofofinta, tayoyi sun danne ta, iska ba ta shiga. Na roƙi oga ya bar mini taku uku a gefe. Muka fasa wurin da fartanya, muka cakuɗa kashin kaji saboda naitirojin da fosfaras, dabarar da aka yi da takin zamani a gaɓar Alaska bayan hatsarin jirgin Exxon Valdez a 1989. Yanzu wani yaronsa ke juya mini ita duk Juma'a kafin a tafi masallaci, yana ɗan yayyafa ruwa. Na ce masa yayyafi kawai, kada ya jiƙa ta sharkaf.