Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Baƙin Hunturu a Caithness

Makon jiya na tsaya a inda na kama aikin jinya a garin Thurso da ke yankin Caithness, can ƙuryar arewacin Sikotilan. Abin da ya fi damuna a hunturun farko duhu ne. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 9, kafin 3:30 an yi magariba. Tsakanin azahar da la'asar kuwa awa guda ce, kana idar da wannan waccan ta shigo. Na shiga zaman ɗaki, daga aiki sai bargo.

Maƙwabciyata ce ta fitar da ni, wata dattijuwa da nake kira Mama. Wata Asabar ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Ɗiyata, sa takalmin ruwa, zo ki gaida baƙinmu."

Muka nufi tafkin Mey, gabas da gari. Ta miƙo min madubin hangen nesa. A gonakin gefen tafkin na ga garken dinya masu farin goshi, suna kiwo hankali kwance. Ta ce daga Girinlan suke zuwa duk shekara a watan Oktoba, su koma a Afrilu. Can cikin ruwa ga wasu manyan fararen tsuntsaye masu dogon wuya da rawayan baki, 'yan Aisilan, waɗanda ke ƙetare teku fiye da kilomita 800 ba wurin sauka. Mutanen nan suna jiran kukansu kamar yadda muke jiran shamuwa a bakin damina.

Nan jikina ya yi sanyi. Ƙasar da nake kuka da sanyinta, ita ce kudu a wurin waɗannan bayin Allah, nan suke gudowa neman sauƙi domin tafkunansu sun daskare. Na kuma fahimci cewa wasu tsuntsayen da suka bar Turai a wannan lokaci suna can wajenmu, a fadamun Hadejia da Nguru. Na yi ƙuruciya ina ganinsu da hunturu, babu wanda ya taɓa gaya min daga ina suke.

Daga nan muka hau Dunnet Head, inda babban yankin Birtaniya ya ƙare ta arewa. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa na tsaye a wurin tun 1831. Iska kuwa sai ka tokare da ƙafa kafin ka tsaya. Tsuntsayen bazara duk sun watse, dutsen ya zama wayam, amma a ƙasa igiyar ruwa na dukansa, ga tsibiran Orkney a tsallake. Har yau ina ganin masu zuwa da bazara kaɗai ba su san wurin ba.

Na yi la'asar a gefen mota, Mama na riƙe min gefen darduma kada iska ta ɗauke. A hanyar dawowa na roƙe ta ta riƙa ɗaukata duk Asabar ɗin da ba na aiki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin azumina na farko a Thurso.