Ranar da aka haska Zamfara a ajinmu

Tunda na zo Indiya, kwas ɗin kimiyyar sinadarai na shekarar farko ne ke cinye mini lokaci. Farkonsa lissafi ne zalla: mol (ma'aunin yawan sinadari), lambar Avogadro (yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya), daidaita haɗin sinadarai, sai ɗiga asid a hankali har launin ruwa ya juya. A gida yawancin wannan a allo muka gani. Nan kowa da farar rigarsa da tabarau da safar hannu, kuma ba a shiga ɗakin gwaji da silifas. Ina kwana a kan littafi, kuma alhamdu lillahi ba a bar ni a baya ba.

Da aka zo kan ƙarafa masu guba, sai malamin ya haska taswirar Najeriya, ya nuna Zamfara. Gubar dalma ta 2010: ƙauyukan Dareta, Abare, Yargalma, Bagega, yara fiye da 400 suka rasu. Ya ce mutanen wurin ba su san abin da suke yi ba, ya wuce gaba. Ajin ya waiwayo gare ni. Har yau abin yana ci mini rai.

Ni ɗan Anka ne, a Zamfara. Na ga ana daka dutsen zinare a turmi a tsakar gida, yara na rarrafe cikin ƙurar. Gona ba ta riƙe gida, zinare ya yi kuɗi, kuma babu wanda ya zo ya ce akwai dalma a dutsen kafin a fara binne yara. Wannan bai shiga darasinsa ba.

Duk da haka a ajin nan na gane yadda dalma take kisa. Dalma ita ce lamba 82 a teburin sinadarai, cajinta biyu irin na kalsiyam, shi ya sa jiki ke kai ta cikin ƙashi, tana kuma lalata ƙwaƙwalwar yaro. Ba ta ruɓewa. Dole aka kankare ƙasar gidaje, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013, maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka bayar kuma yana kama ƙarfen ne ya fita ta fitsari. A ɗakin gwaji mun haɗa ruwan gishirin dalma da na ayodin, dukansu garai-garai, nan take kwalbar ta koma rawaya tamkar garin zinare. 'Yan ajin na ta ɗaukar hoto, ni hannuna rawa yake.

Da dare na kira Inna. Ƙanena har yanzu yana zuwa rami in aiki ya samu. Na ce, "Inna, don Allah ku sa shi ya cire kayan a waje, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaran, kar a shigo da dutse gida." Ta ce to, za ta faɗa wa Baba. Sai ta tambaya ko ina samun tuwo, ta kuma ce kuɗin makarantar auta ya zo, har yanzu ba a sayar da waken ba.