Yadda turin taswira ya shigo shagona

Na fara sana'ar turi ne da kwamfuta guda a kan ƙaramin tebur a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, a lokacin da aikin gaba ɗaya bai wuce zuba wa mutane karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi a memori ba. Yanzu ina da shago da yara uku, muna gyaran manhajar waya, muna kwashe lambobi da hotuna daga tsohuwar waya zuwa sabuwa. A cikin ayyukanmu akwai wanda ban taɓa rubuta shi a allon shago ba, amma ya tara mini abokan ciniki na dindindin, wato sauke wa mutum taswira a wayarsa domin ta nuna masa hanya ko da babu data, ko da babu sabis.

Yawancin waɗanda suke zuwa karon farko ba sa yarda cewa hakan yana yiwuwa, don haka sai na fara da bayani. Waya ba ta buƙatar layin MTN ko Airtel kafin ta san inda take, domin saƙon GPS daga taurarin ɗan'adam yake saukowa, waɗanda suke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma da zarar waya ta kama huɗu daga cikinsu za ta lissafa matsayinta. Abin da data take kawowa shi ne zanen tituna da sunayen garuruwa. Idan babu zanen, shuɗin ɗigon nan da ke wakiltar mai waya zai bayyana, amma a kan fili fayau, ba titi ba gari. Aikinmu shi ne mu ajiye zanen a cikin wayar tun kafin tafiya.

Kasuwar wannan aiki ta buɗe sosai a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Direbobin da ke kai kaya Gusau da Ƙaura Namoda suka riƙa zuwa, wani ya gaya wa wani. Bayan an dawo da sabis ba su daina ba, sannan masu haƙa rijiyar burtsatse da masu sayen hatsi a kasuwannin ƙauye suka biyo sahunsu.

Manhajar da kowa ya sani ita ce Google Maps, wadda ta fara nuna hanyar mota ba tare da intanet ba tun 2015. Ana taɓa hoton mai asusun a saman allo, a shiga wurin taswirorin ajiya, sai wani akwati mai kusurwa huɗu ya fito, a ja shi a faɗaɗa har ya rufe yankin da ake so, sannan a sauke. Yaron da ya yi mako guda a shagona zai iya wannan. Inda gwaninta take shi ne sanin inda za a ɗora akwatin, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin kunyarsa.

Wani direban babbar mota ya ce mini zai yi gabas, wajen Haɗeja. Ban ƙara tambayarsa komai ba, na ja akwatin daga Kano zuwa ɗan gaba da Haɗeja, na karɓi kuɗina. Ashe Haɗeja hanya ce kawai, kayan na Gashuwa ne, kuma bai taɓa bin hanyar Nguru ba. Bayan kwana huɗu ya dawo, ya ajiye wayar a kan tebur, ya ce, “Malam, hanyar da ka zuba mini ta ƙare tun ban kai Gashuwa ba.” Ya nuna mini da yatsa daidai inda ƙananan tituna suka ɓace daga allon. Dare ya yi masa a wurin, ya kwana a bakin wani ƙauye har gari ya waye ya sami wanda zai tambaya. Na mayar masa da kuɗinsa, na sake aikin. Tun daga ranar duk wanda ya zo sai mun tambaye shi inda zai sauke kaya, da hanyar da zai dawo, da wadda zai bi idan waccan ta yanke, musamman da damina, lokacin da ruwa kan mamaye hanyoyi a fadamar Haɗeja da Nguru.

Ga mai yawan tafiya na fi son manhajojin da suke ɗauko bayanansu daga OpenStreetMap, taswirar da masu sa kai suke zanawa tun 2004, irin su Organic Maps da OsmAnd da Maps.me. Su ba akwati ake ja ba, ƙasa ko babban yanki ake saukewa ɗungurungum, don haka babu fargabar taswira ta ƙare a tsakiyar daji. A ganina babban fifikonsu shi ne suna nuna hanyar tafiya a ƙafa ba tare da intanet ba, alhali taswirar ajiya ta Google hanyar mota kaɗai take bayarwa, kuma ba ta nuna cunkoso.

Wannan bambanci ne ya sa maniyyata suka zama manyan abokan cinikina idan lokacin aikin Hajji ya gabato. Muna sauke musu Makka da Madina da Mina da Arfa, mu koya musu yadda za su dasa alama a kan masaukinsu ranar da suka isa, domin tantunan Mina farare ne iri ɗaya, kuma dattijon da ya dawo daga jifa yana iya wuce nasa sau uku bai gane ba. Wata hajiya ta ce mini, “Ɗan nan, ni ba boko na yi ba, ka nuna mini abu ɗaya da zan danna.” Na sa mata jar alama a kan shagon, na ce wa yarona ya raka ta bakin titi, ta bi kibiyar ta dawo da kanta. Sau biyu ta yi, sannan ta yarda ta biya.

Dokar shagon ita ce babu wayar da za ta fita sai an gwada ta. Muna sa ta a yanayin jirgi, mu kunna GPS, mu fito daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa sarari, domin idan babu taimakon sabis waya kan ɗauki mintuna kafin ta kama taurarin. Sai mu nemi garin da mutumin zai je, mu ga ko layin hanya zai fito. A wurin neman ma akwai tarko, saboda taswira ta fi sanin rubutun hukuma: Hadejia take ganewa, da Gashua da Dambatta, ba yadda muke rubuta su da Hausa ba. Muna rubuta wa direba sunayen a takarda. Muna kuma gaya masa ya tanadi cajar mota, don allo a kunne da GPS suna shan batir, kuma taswira ba ta san hanyar da ba a bi bayan la'asar ba, wannan sai ya tambaya a tasha.

Matsalar da ta fi dawo mana da mutane ita ce gogewar taswira daga waya. Taswirar ajiya ta Google tana da wa'adi, manhajar tana nuna ranar da zai cika, idan ba a sabunta ba sai ta daina aiki. Wasu kuma wayarsu ce take cika, sai ɗansu ya share bayanan manhajar don ya sami wurin bidiyo. Shi ya sa a wayar da ke karɓar memori muke tura taswirar can, sannan mu manna 'yar takarda a cikin murfin wayar, ɗauke da ranar da muka sauke da sunan yankin. Direban Gashuwa yana zuwa kafin kowace damina a sabunta masa, kuma har yanzu kafin ya miƙo wayar sai ya lissafo mini garuruwan ɗaya bayan ɗaya.