Na samu barci da yoga, sai na ajiye maganin hawan jini

Ni tela ce a Tudun Wada, kuma wanda ya san ɗinkin Sallah ya san yadda yake cinye mutum. Bara, ana saura wata biyu Babbar Sallah, sai in kwanta jiki ya mutu amma kai yana ta lissafin atamfofin mutane har a kira assalatu.

Ƙanwata ce ta turo min wata murya ta WhatsApp, minti 25, wai yoga nidra, irin ta mutanen Indiya. Na ce mata ni ba ruwana da surkulle. Ta ce, "Yaya, ki saurara tukuna, ba a kiran sunan kowa, numfashi ne kawai da gaɓoɓinki." Sai da na ji ta daga farko har ƙarshe ina zaune kafin na yarda.

Bayan isha'i nakan kwanta rigingine a tabarma. Muryar tana jan hankalina daga babban yatsan hannun dama, zuwa tafi, gwiwar hannu, kafaɗa, a haka har ƙafa. Ranar farko da ta iso muƙamuƙi na tarar haƙorana a cije suke gam, ashe haka nake wuni a kan keke. Sannan a shaƙi iska a fitar da ita sannu, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, bugun zuciya ya lafa. Cikin sati biyu barci ya dawo, faɗa da yaran shago ma ya ragu.

Daga nan na tafka wautar da har yau take ci min rai. Shekara 4 ina shan amlodipine, maganin hawan jini. Na auna a kemis na ga 130/85, na ce ai na warke, na jefa maganin a durowa ban gaya wa kowa ba. Ko ƙanwar tawa ban tambaya ba!

Sati uku bayan haka ina Kasuwar Barci ina zaɓen zare, ƙeyata ta yi nauyi, jiri ya ɗebe ni. A asibiti aka ga 185/110, aka riƙe ni kwana biyu. Likita ya dube ni ya ce, "Hajiya, hawan jini ba ya sallama. Saukar da kika gani da maganin a jikinki kika gan ta. Ki ci gaba da numfashinki, yana taimako, amma wa ya ce ki ajiye?" Na rasa bakin magana.

Ban daina yogar ba. Ƙwaya da safe, tabarma da dare, kuma duk wadda na tura wa muryar sai na fara tambayarta ko tana shan wani magani. Amma kwana biyun nan sun ja min kayan wata amarya da ban gama ba, na mayar da kuɗi ina ba da haƙuri, kuma uwarta da ta shekara bakwai tana ɗinki a wurina ba ta sake tako shagona ba.