Wasiƙa daga Ohio: da ruwan rani ake yanka wa masana'anta iyaka

Assalamu alaikum 'yan'uwana na gida, musamman mutanen Kano da kewaye.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka, inda kogin Cuyahoga yake faɗawa tafkin Erie. A ranar 22 ga Yuni, 1969, wannan kogi ya kama da wuta saboda mai da tarkacen masana'antu da suka lulluɓe shi, kuma ba wannan ne karon farko ba. Bayan shekara 50, wato a 2019, hukumomin jihar suka sanar cewa ana iya cin kifinsa.

Babban abin da ya kawo wannan sauyi shi ne dokar tsaftar ruwa ta 1972, wadda ta haramta wa kowace masana'anta ko matatar dagwalon gari ta saki ruwa cikin kogi sai da lasisi. Lasisin ba ya wuce shekara 5, kuma a cikinsa ake rubuta adadin kowane sinadari da aka yarda ya fita. Kwanan baya na tsaya a bakin wani bututu da ke zuba a kogin, sai na ga allo a kafe ɗauke da sunan mai bututun da lambar lasisinsa da lambar waya. Sakamakon awon da ake yi wa ruwan kuwa, kowa yana iya duba shi a intanet.

Yadda ake yanke adadin shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Da farko ana duba iyakar tacewar da na'urorin zamani za su iya yi a irin wannan sana'a. Daga nan sai a koma ga kogin kansa, a tambayi nawa zai iya ɗauka ba tare da kifi ya mutu ko mai sha ya cutu ba, kuma wanda ya fi tsanani cikin biyun shi ake ɗora wa masana'anta. Wajen wannan lissafi ba a amfani da ruwan lokacin cika. Ana ɗaukar mako mafi ƙarancin ruwa da ake tsammani sau ɗaya cikin shekara 10, domin cokalin gishirin da zai ɓace a randa shi ne zai hana shan ruwan moɗa. Idan kogi ya riga ya gurɓata, sai a ƙididdige jimillar abin da zai iya ɗauka a kullum, a raba wa masu zubarwa, a kuma bar rara saboda kuskuren lissafi.

Wannan ne ya mai da hankalina gida. Na girma ina ganin 'yan lambu a gefen Jakara da rani suna tayar da injin ban-ruwa, suna shayar da latas da alayyafo da baƙin ruwa mai kumfa da wari, kuma gobe kayan suna kasuwa. Ruwan masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara har zuwa madatsar Wasai, na Sharada da Challawa kuma, inda majemun fata suke aiki da sinadarin kuromiyom, yana gangarawa kogin Challawa. Daga Fabrairu zuwa Mayu, yawancin abin da ke gudana a Getsi da Jakara ruwan da gari da masana'antu suka zubar ne, babu ruwan sama da zai sirka shi. Ƙa'idojinmu na zubar da ruwan masana'antu sun samo asali tun 1991, hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli kuma an kafa ta a 2007, amma ra'ayina shi ne adadi ɗaya da aka tsara wa ƙasa baki ɗaya ba zai wadatar ba, domin abin da kogin Neja zai haɗiye a Lakwaja, Getsi ba za ta iya ba a watan Afrilu.

Ba na cewa an gama gyara a nan. Dokar ta kama bututu, amma ba ta kama takin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki ba. A watan Agustan 2014, gansakuka mai dafi da sinadarin taki ya haifar a tafkin Erie ta sa aka hana kimanin mutum 400,000 a yankin Toledo shan ruwan famfo na kusan kwana uku.

Roƙona ga jami'o'inmu da ma'aikatun muhalli shi ne a fara auna yawan ruwan waɗannan koguna a ƙarshen kowane rani, a ajiye alƙaluman, a gina iyakar kowace masana'anta a kansu. Ƙananan majemu da ba su da ƙarfin sayen na'ura a haɗa su a matata guda, sannan a riƙa karanta sakamakon awon a rediyo da Hausa, yadda ɗan lambun Jakara zai san abin da yake zuba wa shukarsa.

Wassalam. Ɗan'uwanku mazaunin Cleveland.