Wusasa da mutanen da ta raina

A ƙarshen makon jiya na raka wani abokin aiki ta'aziyya Wusasa, garin nan da ke bayan ganuwar Zariya kusa da dutsen Kufena. Bayan mun yi gaisuwa, wani dattijo ya zagaya da mu tsohon cocin Saint Bartholomew, ginin ƙasa mai kaurin bango da bakan gizo irin na fadar sarakuna, wanda aka gina bayan 'yan mishan sun tashi daga cikin birni a 1929.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan manyan da wannan ɗan ƙaramin wuri ya raina. Nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, shi da ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975. Farfesa Ishaya Audu ma a makarantar garin ya yi karatu, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Amma ni a wurina Dakta Barau Dikko ya fi cancantar a dinga tunawa da shi. Shi ne likita na farko a Arewa, ya karanto aikin a Ingila, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, alhali shi Kirista ne a tsakiyar Musulmi. Yau jama'a na shiga asibitin da ke ɗauke da sunansa a Kaduna, akasarinsu ba su san ko ɗan ina ba ne.