Asabar, da maganar soso a ƙarƙashin tankin kifi

An kwana ana ruwa, garin ya waye da sanyi. Koko da ƙosai, na ba kifaye abinci, na rage ruwan ƙaramin tanki.

Wajen ƙarfe goma Auta ya kira daga Barnawa, murya cike da murna: tankin ya iso, teburin ƙarfen da aka haɗa masa a Panteka ma ya iso. Sai ya ce, "Yaya, zan yanko soson tsohuwar katifa in shimfiɗa kafin in ɗora, ko?" Na ce kada ya zuba ko kofi ɗaya, ya fara kifa tankin ya gaya mini yadda gindinsa yake. Wai mai walda ya ce masa soso na gyara komai. Maganar nan ce ta tsaya mini a rai har yamma.

Amsar tana gindin tankin. Wanda masu gilashi ke haɗa mana a nan, gilashi biyar da aka manne da gam ɗin silikon, ba firam, gilashin ƙasan ne da kansa ke zama kan tebur. Irin wannan dole a yi masa shimfiɗa. Amma na kamfani mai firam ɗin roba zagaye da gindi, gilashin ƙasansa a ɗage yake, firam ke ɗaukar nauyin. In ka sa masa soso mai kauri, gefen ya nutse, tsakiyar soson ta taso ta tokare gilashin da ba a yi shi don a tura shi daga ƙasa ba. Shi kan katako tsirara ake ɗora shi, muddin firam ya zauna ko'ina.

Na Auta marar firam ne. Tsawo santimita 120, faɗi 45, tsayi 45, wato lita 243 in an cika shi fal. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Gilashin milimita 10 ne, shi kaɗai ya kai kilo 50. Ka ƙara yashi da duwatsu, ana maganar kilo 300, buhun siminti shida. In nauyin nan ya bazu kan gindin gaba ɗaya, kowane santimita murabba'i gram 55 kacal ke kansa, ba komai ba ne. Amma ƙwayar tsakuwa ɗaya, ko kan ƙusa da ya ɗan leƙo, ko tudun walda da ba a goge ba, sai nauyin ya taru a wurin. Gilashi ba ya lotsawa ya ba da wuri. Yana iya yin wata biyu lafiya, wani dare a ji ƙas. Aikin shimfiɗa ke nan, ta haɗiye irin waɗannan ƙananan abubuwa na milimita ɗaya ko biyu. Iyakarta ke nan.

Soson katifa kuwa sam. Ya yi laushi, yana lotsewa har ƙasa, kuma ba daidai ba, ɓangaren da aka tara duwatsu ya fi nutsewa. Ga shan ruwa. Duk ɗigon da ya gangaro lokacin canjin ruwa yana ciki, ya ruɓar da katako, ƙarfe ya yi tsatsa, balle yanzu da damina. Abin da ake so shi ne farin nan marar nauyi da ake samu a kwalin firji, falle miƙaƙƙe mai kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, ko tabarmar roba ta motsa jiki mai milimita 5 zuwa 10. Falle ɗaya, ba haɗe-haɗe ba, a yanka daidai girman gindin ko ya ɗan zarce kaɗan. In ya gaza, gefen gilashin na rataye ke nan.

Inda muka fi daɗewa shi ne teburin. Ƙarfe ne zagaye, tsakiya fayau. Na ce sai an sa filawud mai milimita 18, a shafe shi da fenti ko banish har gefuna, a nutsar da kawunan ƙusoshi, a ƙara ƙarfe biyu a gicciye ƙarƙashinsa. Ya ce ƙafa ɗaya na ɗan rawa a kan tayil, amma ai soson zai cike. Nan na ɗaga murya. Rawar ƙafa na nufin teburin zai murɗe in nauyi ya hau, kuma murɗewa ta fi karkata haɗari, don tana jan silikon a kusurwoyi har ya fara saki. Ƙarƙashin ƙafar ake gyarawa, da sillen ƙarfe ko roba mai tauri, ba kwali ba, kwali na jiƙewa ya lotse.

Gwajin ba wuya. A ɗora tankin ba shimfiɗa, a bi gefensa da katin banki, duk inda ya shige akwai rami a katakon. Sannan a share katakon da gindin tas, a shimfiɗa, a ɗora, a zuba ruwa kamar santimita biyar, a auna daga saman ruwa zuwa bakin gilashi a kusurwa huɗu. Bambancin ya wuce milimita biyu ko uku, a kwashe a gyara ƙafa. A sake awo a rabi, a sake in ya cika. Kada a ja tanki da ruwa a ciki, ko kaɗan.

Ya ce to, amma irin to ɗin da na sani.

La'asar, gaisuwa a Kawo. Cinkoso a hanyar dawowa. Hajiya ta aiko da dambu.

Bayan isha'i na kira shi sau biyu bai ɗaga ba. Tankin a falo yake, daidai inda 'yan biyu ke zama kallo, ga soket a bangon bayansa. Na sa tef ɗin awo da sillayen ƙarfe a jaka. Gobe da sassafe, Barnawa.